Maiwar Jatau

Tsakanin Mayahi da Atantane, arewa kaɗan da kwarin Gulbin Kaba inda goruba ta yi yawa, akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Rijiyar Auta. A can Jatau ya yi zamaninsa, tun ba a ga Nasara a ƙasar Tasawa ba, wato wajen shekarun 1880 zuwa 1890 da ƴan kai a lissafin yanzu. Ba mai sarauta ba ne, ba malami ba, ba ya ƙira, ba ya kiɗa. Manomi ne, dogo, ja, mai ɗan gemu, wanda ba ya son maimaita magana. Abu ɗaya ake tuna shi da shi: shi ne mutum na ƙarshe da ya noma maiwa a gonakin garin.

Wanda bai san maiwa ba, in ya gan ta sai ya ce gero ne, kuma bai yi ƙarya ba, ƴan'uwa ne. Hali ne ya raba su. Gero yana da gaggawa. Ruwa na sauka ya tashi, ya yi ciki, ya fidda kai, kafin damina ta ƙare an fara gasa tumu. Ita kuwa maiwa sai ta yi ta ganye, ta yi ta tsawo, kamar ba ta da niyyar haihuwa. Sai ruwa ya ɗauke, an girbe gero an ɗaure, sannan ta fidda kai, ta ƙarasa nuna da raɓar safiya. Ƙwayarta fara ce, furarta ba ta saurin tsami, tana daɗewa a rumbu ba ta lalace ba, karanta kuma kauri gare shi, darninsa ba ya saurin faɗuwa.

Irin da Jatau yake shukawa, uwarsa ce ta zo da shi daga kudu lokacin da yaƙe-yaƙe suka tayar da danginsu. Ƴan zangarnu ne ƙunshe a zane, shi kuma yana goye a bayanta. Daga wannan ƙunshin rabin garin ya sami iri.

Sa'ad da Jatau yake saurayi, kowane gida yana da gonar gero da gonar maiwa. In an gama da gero sai a shiga tsaron maiwa, domin a lokacin ne jan-baki ke sauka, tsuntsayen nan ƙanana masu tashi kamar hayaƙi. Kowa ya kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gonarsa, ya ja igiyoyin kaba zuwa kusurwoyi, ya rataya musu sakaina. In ka hau rumfarka kana hangen ta maƙwabcinka, shi ma yana hangen ta gaba, haka har ido ya gaza. Tsuntsaye su taso daga gabas, na gabas ya ja igiya ya kwarara ihu, su karkato, na kusa ya karɓa, ihun ya yi ta tafiya daga rumfa zuwa rumfa kamar ana miƙa ƙwaryar ruwa. In tsuntsaye sun lafa, ana hira daga nesa, ana tsokana, ana aika gaisuwa ta bakin mutane. A nan Jatau ya fara jin muryar Maimuna, wadda ta zama matarsa. Rumfar ubanta ce ke yamma da tasu, ya kuwa san muryarta tun bai san fuskarta sosai ba. Fulani da shanunsu suna can arewa suna jira, don ba a sakar wa dabbobi gonaki sai an yanke maiwa ta ƙarshe.

Abubuwa biyu suka sauya wannan zama. An yi ƴan shekaru a jere ruwa yana ɗaukewa da wuri, maiwa ta bushe da cikinta. Sannan hari ya yi yawa. Mahara sun fi son bayan damina in hanyoyi sun bushe, kuma mutumin da ke bisa rumfa a daji shi suke fara hangowa. Ana cikin haka wani irin gero ya shigo daga arewa, mai gajeren kai, mai sauri ƙwarai, mutane suka sa masa suna ɗan Damargu. Wanda ya shuka shi yakan girbe, ya kwashe, ya shige cikin kafi, wato shingen itacen da ke kewaye da gari, tun ciyawa tana ɗanya.

Ba rana ɗaya aka bar maiwa ba. Bana wannan ya rage, baɗi wancan ya daina. Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya hana. Jatau dai ya lura kowace kaka rumfuna suna raguwa, ihun da ke tafiya har bakin kwari ya koma yana tsayawa a hanya, babu mai karɓa. A cikin waɗannan shekarun Maimuna ta rasu, ta bar masa ɗa guda da ya rayu, Maharazu, wanda ya riga ya yi aure.

Wata bazara suna gyaran kayan shuka a zaure, Maharazu ya ce, kansa a sunkuye, "Baba, bana da mun zuba ɗan Damargu a babbar gona duka."

"Zuba a taka."

"Kowa ya daina, Baba. Saura kai da Abdulmumini, shi ma na ji shina cewa bana ba ya yi."

"To, saura ni."

"Mi za a ce da mu?"

"Za a ce ubanka ya fi son furar maiwa. Ba sata ba ce." Ya miƙa masa sungumi. "Ƙotar nan na rawa, gyara ta."

In an tambaye shi dalili, yakan ambaci fura, ya ambaci rumbu, ya ambaci kara. Abin da ba ya faɗa shi ne, in ya riƙe zangarniyar maiwa a hannu yakan ji kamar mutanensa ba su ƙare ba. Ya kuma san in ya bar shuka ta har irin ya tsufa ya mutu, babu inda za a sake samo shi. Akwai maiwa a kudu, amma ba wannan ba.

Shekarar da ya rage shi kaɗai, mai gari Sanda ya aika aka kira shi bayan girbin gero. Sa'o'in juna ne, tare aka yi musu kaciya, don haka Sanda bai tsaya kewaye-kewaye ba.

"Jatau, zamna. Fulani sun aiko. Ciyawa ta ƙare musu a arewa, ga kara nan a gonakinmu shina bushewa a banza. Maza na son taki, mata na son nono. Jibi sanƙira zai faɗa, an saki gonaki."

"Maiwata yanzu ta fara bununi, ba ta yi ƙwaya ba."

"Na sani. Na bi ta wurin jiya. Ta yi kyau, ja'irar. Amma ka gaya mini, in tsai da gari duka don gona ɗaya?"

"Ubanka bai taɓa saki ba sai an yanke ta."

"Ubana ya riƙe garin masu maiwa. Ni mai maiwa ɗaya gare ni, shi ma kansa ya fi turmi tauri."

"To ka saki. Ban roƙe ka ba."

"Ai shi ne abin haushin, tsohon banza. Da ka roƙa, da na ji daɗin hana ka."

Waɗanda ke zaune suka yi dariya. Jatau ma ya murmusa, ya ɗauki sandarsa. Bai ji haushin Sanda ba, ya san gaskiya ya faɗa. Daga nan bai koma gida ba, ya wuce daji da gatari ya fara saran ƙaya. Ya ja ta reshe reshe ya kewaye gonar, hannayensa duk suka yi zane.

Aka saki gonaki. Daga bisa rumfarsa yanzu, ko'ina ya duba fili ne fari, karan gero a kwance, shanu suna tafe a ciki suna kiwo. A tsakiyar wannan fili gonarsa kaɗai ce kore. Tsuntsayen da dā suke rarrabuwa a gonakin gari duka, yanzu wuri ɗaya suka sani. Tun hantsi bai ɗaga ba suke sauka. Ya ja igiya, sakaina ta yi ƙara, ya yi ihu, su tashi su yi ɗan kewaye su dawo, don babu wata gonar da za su faɗa. A kwanakin farko, in ya yi ihun yakan ɗan saurara, bisa sabo, ko wani zai karɓa. Daga baya ya bar sauraren.

Surukarsa Zara'u, matar Maharazu, ita ke kawo masa fura. Ɗiyar mutanen Atantane ce, mai kunya, ba ta taɓa kallon fuskarsa ba, ba ta kuwa ambatar sunansa. Takan durƙusa a gindin rumfa ta ajiye ƙwarya, ta ce, "Sannu, Baba," ta juya da sauri, don an hana mata daɗewa a bayan kafi. Maharazu yakan leƙo wani lokaci, amma ga roron wake, ga gyaran rumbu, kuma Jatau ya ga ana yi wa yaron dariya in ya hau rumfa, sai ya ce masa ya bari. In ya koma gari da yamma muryarsa ta dushe, ya tarar ana hira a ƙofar masallaci kan abin da aka yi da rana, wanda ba ya ciki. A matsa masa ya zauna, a tambaye shi tsuntsaye, ya ce suna nan, hira ta wuce shi. Suka sa masa suna Na-baya, har yara suna kwaikwayon ihunsa in ya ba da baya.

Mai tsayawa ya yi magana da shi a daji mutum ɗaya ne, Hamani, Bafillacen da ya saba sauka da garkensa a gonar Jatau kowace shekara in an yanke maiwa. Shekarar nan ya iso ya tarar da ƙaya. Ya rataya sandarsa a kafaɗa, ya ɗaga kai.

"Kaɗo! Kana nan bisa kamar shamuwar da ƴan'uwanta suka tafi suka bari?"

"Bafillace, ja shanunka baya, suna kallon abin da ba na ubansu ba."

"Sun gani, har sun kawo mini ƙara. Wai mi ya sa kowa ya ba su kara sai kai?"

"Ka ce musu su yi haƙuri irin nawa."

"Irin naka? Ai sai su rame." Ya miƙo masa ƴar ƙwarya da nono. "Zan bi da su ta yamma har ka yanke. Amma ba ni kaɗai ke da shanu ba, ka sani."

"Na sani."

Hamani ya zauna a inuwar rumfar, suka taɓa zancen rijiyoyin arewa da na wani sa da ya karye. Ba a daɗe ba shanu suka yi nisa, ya miƙe ya bi su. Jatau ya bi shi da ido har ya zama ɗigo.

Haka aka yi ta yi, shekara bayan shekara. Kowace kaka abin da yake samu yana raguwa, shi kuma yana rage faɗin gonar zuwa iyakar inda muryar mutum ɗaya za ta kai. Mahara ba su taɓa faɗa masa ba, ko da yake sau ɗaya ya hango su daga nesa, ya sauko ya kwanta cikin maiwar har suka wuce. Da ya ba da labari a gari, aka ce to ya gani, ai sai ya bari. Da damina ta kewayo ya shuka.

Shekarar da abin ya karye, Abdulmumini ne ya rasu, wanda ya kasance na ƙarshe da suka yi tsaro tare. Labarin ya iske Jatau yana bisa rumfa, maiwa ta kusa yanka. Ya dubi gonar, ya dubi gari, ya sauko. Aka yi wanka, aka yi salla, aka kai shi makwancinsa. Da ya dawo, ya tarar wani garke na baƙin makiyaya, waɗanda ba su san zancen gonar ba, ya ture ƙaya ya shiga. Abin da shanu suka bari, tsuntsaye sun sauka a kai. Bai nemi makiyayan ba, bai kai ƙara ba. Ya bi gonar da wuƙa yana tsintar zangarnun da suka tsira, ya zaɓi masu cikar ƙwaya, ya sami ɗan dami guda. Na iri ne kawai, na ci babu. Ya ɗaure shi ya rataye a rufin ɗakinsa, daidai inda hayaƙin wutar ɗumi ke bi, don kada ƙwari su taɓa shi.

Da ɗari ya shigo, Maharazu ya bi fatake da jakunansa, ya kai kanwa kudu. Bai daɗe da tafiya ba ciwo ya kayar da Jatau. Zazzaɓi ne da ciwon ƙirji, irin wanda ke ɗauke tsofaffi a wannan lokaci. Zara'u ta jiƙa masa sassaƙen da tsofaffin mata suka kawo, aka karɓo rubutu wurin liman, duk ya sha ya mayar. Ta dama kunun gero ta kai bakinsa, ya kau da kai. Ta sa tsamiya, ya tofar. Jikinsa ya zube, idanunsa suka faɗa. In zafin ya hau, ba ya gane ta. Yakan kira ta da sunan matarsa, ya ce, "Maimuna, dama mini maiwa. Wanga ba ita ba ce."

Zara'u ta san abin da ke rataye a bisa kansa. Duk garin an sani. Ta bi gidaje tana tambaya ko wani yana da sauran tsohuwar maiwa a gindin rumbu, ko tafi ɗaya. Babu. Wata tsohuwa ta ce mata, "Ke ɗiyar nan, mutumin da ya ƙi ci ai ya kama hanya. Ki aika a kira mijinki." Amma Maharazu yana inda ba a san zangonsa ba.

Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta daɗe. Sannan ta shiga, ta taka turmi, ta zaro ƴan zangarnu daga gefen damin da ke fuskantar bango. Ta murje su, ta surfa, ta wanke, ta daka, ta dama kunu mai ruwa-ruwa. Da ta kai ludayi bakinsa, ya tsaya kamar mai saurare, sannan ya haɗiye. Ya buɗe baki a ƙara masa.

Washegari ta sake zarowa. Kowace rana tana cewa a ranta wannan ne na ƙarshe, gobe za ta gauraya da gero. Ta gwada, ya gane, ya rufe baki. Ciwon kuwa ya ja lokaci. Kafin Jatau ya iya zama da kansa, abin da ya rage a rataye bai wuce a riƙe a hannu ɗaya ba, sai dai ta bubbuɗa shi ta yadda daga ƙasa ba a ganewa.

Ranar da ya fara tsayawa da ƙafafunsa, abin da ya fara yi shi ne ya miƙa hannu ya taɓa damin, ya ji ko ƙwari sun shiga. Damin ya juya a igiya ba nauyi. Ya sauko da shi, ya zauna a bakin gado, ya ɗora shi a cinya.

"Zara'u."

Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Ɓera ya shigo ɗakin ga?"

Da ta ce i, da ya yarda. Ta ce, "A'a, Baba."

"Ɗiyata, kin san ko mine ne wanga?"

"Na sani, Baba. Iri ne."

"Kin sani."

"Ba ka shan komi sai shi. Na ba ka na gero ka tofar, na nema a gari ban samu ba. Na ce in ka tashi ka yi mini faɗa. In ba ka tashi ba, ban san wa zai shuka shi ba."

Jatau ya buɗe baki. Akwai maganganu da yawa a ƙirjinsa, masu zafi. Amma ko ƙarfin da zai yi faɗan da shi, daga wannan kunun ya fito, ya kuwa san haka. Ya dubi hannayensa, ya dubi abin da ke cinyarsa.

"Tashi ki tafi," ya ce.

Duk sauran ranin nan, bayan amsa gaisuwa bai ƙara ce mata komai ba. Tana ajiye masa furar gero, yana sha, don babu wata. Maharazu ya dawo ya ji labari, ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri, Baba, tunda ka tashi." Jatau ya dube shi, ya ga fuskar mutumin da aka sauke wa kaya. Wannan ya fi yi masa ciwo a kan abin da Zara'u ta yi.

Da ƙafarsa ta yi ƙwari ya je kasuwar Mayahi, ya bi masu hatsi ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya bi ayari har Tasawa. A can ya sami maiwa wurin wani da ya zo da ita daga kudu. Ya ɗebo a tafi, ya ga ƙwayar ta fi tasa duhu, ya sa ɗaya a haƙori ya fasa, ya tauna. Ya mayar da sauran, ya yi wa mai hatsin godiya, ya kamo hanya.

Bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Jatau ya murje abin da ya rage, ya ƙulle a tsumma, ƙullin bai kai ƙwan zabuwa ba. Ya san in ya kai wannan babbar gona ya binne a rairayi, ruwan farko ya yaudare shi ya tsaya, ko ɓeraye su tone, shi ke nan. Yakan zauna a zaure yana juya ƙullin a hannu, mutane suna wucewa da sungumi.

Wata safiya Zara'u ta ajiye masa fura, ba ta tashi ba.

"Baba, in ka yarda in yi magana."

Ya ɗauki ƙwaryar, ita kuma ta ci gaba.

"Bayan ɗakina, inda nake zuba ruwan wanke-wanke, ƙasar ba ta bushewa. Akwai darni, awaki ba sa shiga. In ruwa ya tsaya, rijiya na kusa, sai in ɗebo."

"Wurin kuɓewarki."

"I, Baba."

"In kai maiwar uwata cikin kuɓewa da yakuwa, kamar kayan miya."

Ta sunkuyar da kai. Can ya tura mata ƙwaryar da ya gama sha, ya ce, "Ki cire mini yakuwar da ke gefen gabas." Da yamma ya kira Maharazu ya ce masa, "Babbar gona, zuba abin da kake so."

Wurin bai fi shimfiɗar ƴan tabarmi ba. Ya tona da yatsa, ya sa ƙwaya ƙwaya, ya rufe da tafin hannu. Ruwan farko ya sauka, ya kuma tsaya kamar yadda ya ji tsoro, wasu a gari suka yi asarar shukarsu ta fari. Zara'u ta riƙa kawo tulu safe da yamma, shi kuma yana zubawa da ludayi a gindin kowane tsiro. Suka rayu.

Labari ya zaga gari. Sanda da kansa ya zo ya leƙa ta saman darni.

"An ce mini ka koma noman miya, na ce sai na gani. Jatau, in ta nuna da muciya za a girbe ta?"

"In ta nuna ba za ka ɗanɗana ba."

"Ai ba ta isa a ɗanɗana ba. Kaza ɗaya ta gama da ita." Ya yi dariya, amma ya daɗe yana kallon ganyen kafin ya tafi.

Wannan daminar ta zo wa Jatau da wani irin kaɗaici da bai sani ba. Da safe maza su fita gona, mata su bi su da abinci, gari ya koma sai tsofaffin mata da kaji da shi. Mutumin da ya saba noma daga wannan kai zuwa wancan, yanzu aikinsa na yini yana ƙarewa kafin rana ta yi zafi. Ya shimfiɗa buzu a gindin darni, ya kori kaza, ya cire ɗan haki, ya saurari waƙar masu gayya tana zuwa daga nesa. Aka girbe ɗan Damargu, ya ga dammuna suna shigowa bisa kawuna da jakuna, har da na babbar gonarsa. Sanƙira ya faɗa an saki gonaki, Jatau ya ji daga inda yake zaune, ba abin da ya shafe shi. Da maiwar ta fidda kai ta yi ƙwaya, bai buƙaci igiya ko ihu ba. Ya yayyaga tsohuwar rigarsa ya naɗe kowace zangarniya da tsumma, ya ɗaure da kaba.

Ranar da zai yanke, sai ga sallama a zaure. Hamani ne. Aka shigo da shi har bayan ɗakin, ya tsaya yana kallon karan nan dogaye masu naɗaɗɗun kawuna.

"Kaɗo, na je gona na tarar rumfa ta faɗi, shanu na kwance a wurin. Na ce Allahu akbar, tsohon ya tafi. Ashe kana nan kana yi wa hatsi rawani."

"Shanunka sun ji daɗi bana."

"Sun ji. Ni ne ban sami wanda zan zaga ba." Ya tsuguna a gefen buzun. "Duk ita ke nan?"

"Duk ita ke nan."

Jatau ya kwance tsumman ɗaya bayan ɗaya. Zangarnun sun cika, farare, ba tsuntsun da ya taɓa su. Ya yanka ya jera a tabarma. Ya ɗauki ɗaya ya miƙa wa Hamani. "Ka tafi da ita arewa, ka ba wani manomi."

Hamani ya juya ta a hannu, ya mayar da ita cikin ƴan'uwanta. "Wa zan ba? Can ma duk ɗan Damargu ne. Kar in karɓa saniya ta cinye, in ɗauki alhakinka."

Jatau ya gyaɗa kai. Bayan baƙon ya tafi, ya raba zangarnun gida biyu daidai, ya ɗaure kowane kashi da kaba. Sannan ya kira surukarsa. Ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, hannunta da garin daka.

Ya tura mata ɗauri ɗaya. "Wanga ki rataye a ɗakinki, inda hayaƙi ke bi. Wancan shina ɗakina. In ciwo ya sake kayar da ni na ƙi ci, ki daka nawa, ban hana ki ba. Naki kuwa kar ki taɓa. Ko na kira ki da sunan wa, ko na yi kuka, kar ki taɓa."

Zara'u ta goge hannayenta a zane, ta ɗauki ɗaurin da hannu biyu.

"To in ba ka nan, Baba, wa zai shuka?"

"Ke kika san inda ƙasa ba ta bushewa."

Ta tashi ta shiga ɗaki da shi. Jatau ya ɗauki nasa, ya dafa darni ya miƙe, ya tafi neman abin da zai taka ya rataye shi.